Sabbin dokokin haraji a lokacin matsi: wa aka rage wa kaya, wa zai cike giɓin a Kaduna?

Tun kafin shekarar 2025 ta ƙare, da wuya mutum ya zauna a teburin mai shayi a Tudun Wada ko ya tsaya a rumfar mai POS a Kawo bai ji ana muhawarar haraji ba. Wasu na cewa daga watan Janairu duk kuɗin da ya shiga asusun mutum sai gwamnati ta yanki nata, wasu na ba da shawarar a riƙa rubuta "bashi" ko "kyauta" a duk lokacin da za a tura kuɗi, har aka samu 'yan kasuwar da suka fara neman a biya su da tsabar kuɗi. Tushen wannan ruɗani shi ne dokoki huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda manyan tanade-tanadensu suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Sun zo wa jama'a a daidai lokacin da aljihu ya bushe, shi ya sa ambaton kalmar haraji kaɗai ya isa ya tayar da hankali.

Wane irin matsi ake ciki?

Masana tattalin arziki suna cewa ƙasa ta shiga koma-baya idan jimillar abin da take samarwa ta ragu a zango biyu a jere, wato tsawon wata shida. Najeriya ta faɗa wannan hali a 2016 bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai, ta sake faɗawa a 2020 lokacin annobar korona. Da wannan ma'auni, abin da ya biyo bayan 2023 bai amsa sunan koma-baya ba, domin alƙaluman hukuma sun nuna tattalin arzikin ya ƙaru da sama da kashi 3 cikin 100 a 2024. Abin da magidanta suka ji a jikinsu shi ne zaizayewar darajar kuɗin da ke hannunsu.

Sanadin hakan sananne ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya sakar wa kasuwa farashin naira, dalar da ke kusan naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, ta abinci kuwa ta taɓa haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. A watan Agustan 2024 ne zanga-zangar tsadar rayuwa ta kai ga sanya dokar hana fita a Kaduna da Zariya.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan yadda za a auna manufar haraji. Idan kasuwa ta mutu saboda mutane sun daina saye, maganin da aka saba shi ne gwamnati ta rage haraji ta ƙara kashe kuɗi. Idan kuwa farashi ne ke gudu, zuba kuɗi a kasuwa kan ƙara wa wutar fetur, ga shi kuma baitulmalin ba shi da rarar da zai yi kyauta da ita. Sannan hauhawar farashi ita kanta tana ƙara wa mutum haraji ba tare da an taɓa doka ba. Matakan harajin albashi da aka yi amfani da su har ƙarshen 2025 an tsara su ne a 2011, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000. A wancan lokaci naira miliyan 3.2 a shekara, inda mataki mafi tsanani ke farawa, ta kai kimanin dala 20,000. A 2024 da ƙyar ta wuce dala 2,000, ma'ana matsakaicin ma'aikaci ya wayi gari ana yanka masa harajin da aka tanada domin manya.

Abin da ya sa gwamnati ta taɓa haraji

Najeriya na cikin ƙasashen da ke tara haraji mafi ƙaranci idan aka kwatanta da girman tattalin arzikinsu. Alƙaluman hukuma na 2021 sun nuna kashi 10.86 cikin 100, gwamnatin Tinubu kuma ta ce tana son kai shi kashi 18. Shekaru da dama kuɗin mai ne ke rufe wannan rauni, amma satar ɗanyen mai da raguwar haƙo shi da kuɗin tallafi sun cinye wannan gata, sai aka koma cin bashi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya lashe kimanin kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

A watan Yulin 2023 aka kafa kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran haraji ƙarƙashin Taiwo Oyedele. Hujjar kwamitin ita ce matsalar tana cikin tarwatsewar tsarin: akwai haraji sama da 60 da doka ta sani, da wasu da yawa da ba ta sani ba, kaɗan daga cikinsu ne ke kawo kuɗin kirki, sauran wahalar da jama'a kawai suke yi. Daga aikin kwamitin aka samu dokar haraji ta ƙasa wadda ta haɗe tsofaffin dokoki wuri guda, da dokar gudanar da haraji, da dokar da ta mayar da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, zuwa NRS, da dokar hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji na tarayya da jihohi, wadda a cikinta aka kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji.

Lissafin mai albashi

Harajin kuɗin shiga shi ne wanda ake ɗora wa abin da mutum ya samu, kuma na ma'aikaci ana cire shi tun kafin albashi ya iso hannunsa. A sabon tsari, naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire mata kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Kowane kaso yana hawa kan yankin kuɗin da ya faɗa cikinsa ne kawai, saboda haka wanda samunsa ya ɗara naira 800,000 da naira 50,000, a kan dubu hamsin ɗin za a yi masa lissafi.

Sai dai an ba da da hannun dama, an karɓi wani abu da hagu. A tsohon tsari akwai rangwamen bai-ɗaya, naira 200,000 da kuma kashi 20 cikin 100 na samun mutum, wanda ake warewa kafin a fara lissafi. An soke shi, aka kawo rangwamen haya a madadinsa: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, kada ya wuce naira 500,000.

A ɗauki ma'aikacin jihar Kaduna da ke karɓar naira 72,000 a wata, mafi ƙarancin albashin da Gwamna Uba Sani ya amince da shi a ƙarshen 2024. Samunsa na shekara naira 864,000 ne. Idan aka cire kashi 8 na fansho, saura naira 794,880, wanda bai kai iyakar ba, don haka babu abin da za a yanka. Da tsohon lissafi zai biya kusan naira 36,000 a shekara, wato kimanin naira 3,000 a wata. Sauƙi ne na gaske, amma bai wuce kuɗin litar fetur uku ko huɗu ba.

Mai karɓar naira 250,000 a wata, kamar malamin babbar makaranta ko matsakaicin ma'aikacin banki, a da yana biyan kimanin naira 310,000 a shekara. Yanzu zai biya naira 294,000 idan ba ya haya, idan kuwa yana biyan hayar naira 600,000 a Unguwar Rimi ko Barnawa kuma ya gabatar da shaida, harajin zai sauko zuwa naira 276,000. A nan akwai abin lura ga mutanenmu. Wanda ke zaune a gidan gado ko ya lallaɓa ya gina nasa a Rigasa ba shi da wannan rangwame, haka ma ɗan hayar da yarjejeniyarsa da mai gida ta baki ce, babu rasit babu takarda. Idan kuma ɗan haya ya nemi rasit domin ya kai wa hukuma, sunan mai gida ya shiga littafi ke nan a matsayin mai samun kuɗin haya, abin da ba kowane mai gida zai yi maraba da shi ba. Daga kusan naira miliyan 20 a shekara zuwa sama ne lissafin ke juyawa, mutum ya fara biyan fiye da abin da yake biya a da.

Ga kamfanoni, an ɗaga iyakar cinikin da ke sa a ɗauki kamfani a matsayin ƙarami daga naira miliyan 25 zuwa abin da kwamitin ya bayyana a matsayin naira miliyan 100 a shekara, kuma ƙaramin kamfani ba ya biyan harajin riba. Manyan kamfanoni na nan a kan kashi 30, tare da sabon harajin raya ƙasa na kashi 4 wanda ya maye gurbin wasu ƙananan haraji, ciki har da na asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu. Daftarin farko ya so a janye wa asusun kasonsa sannu a hankali, ƙungiyar ASUU ta yi tsayin daka, a ƙarshe aka bar masa rabin abin da aka tara. Duk wanda ya zaga Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya ga yawan gine-ginen da ke ɗauke da sunan asusun zai gane dalilin hayaniyar.

Rikicin VAT da taron Kaduna

VAT haraji ne da ake ɗora wa saye, mai saye ne ke biya, mai sayarwa ya tara ya miƙa wa hukuma. Ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Tunda attajiri da lebura kuɗi ɗaya suke biya a kan katin waya ɗaya, nauyinsa ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi, wanda kusan duk abin da ya samu a saye yake ƙarewa. Daftarin da aka kai majalisa a farkon Oktoban 2024 ya nemi a ɗaga shi zuwa kashi 10, sannan 12.5, har ya kai 15 a 2030. Majalisa ta ƙi, ya tsaya a 7.5.

Dokar ta sanya kayan abinci na yau da kullum, magunguna, littattafan karatu, kuɗin makaranta da takin zamani a kan kashi sifili, ta kuma keɓe hayar gida da motocin haya na fasinja. Tsakanin "sifili" da "keɓewa" akwai bambanci. Mai sarrafa kayan da ke kan sifili, misali kamfanin casar shinkafa, ba ya ɗora wa mai saye komai, kuma yana da damar neman a mayar masa da VAT ɗin da ya biya a kan injuna da sauran kayan aiki. Mai kayan da aka keɓe ba shi da wannan dama, sai ya cusa kuɗin cikin farashi. A takarda wannan zai rage tsadar sarrafa abinci, amma ko ragin zai iso ga mai sayen mudu ya danganta da saurin hukuma wajen mayar da kuɗin da kuma gasar da ke tsakanin masu sayarwa. Yawancin hatsin da ake aunawa a kasuwannin Kaduna dama can bai taɓa bi ta hannun mai karɓar VAT ba.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne rabon kuɗin. A tsohon tsari, tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Kason jihohi kuma ana raba rabinsa daidai-wa-daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda kuɗin ya fito. Daftarin ya so a mayar da wannan na ƙarshe kashi 60. Ranar 28 ga Oktoban 2024 gwamnonin Arewa 19 ƙarƙashin Inuwa Yahaya na Gombe suka gana da sarakuna a fadar gwamnati ta Kaduna, suka yi watsi da tsarin, suka nemi 'yan majalisar yankin su ƙi shi. Kwana uku bayan haka Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta, ta ba da shawarar a janye ƙudurorin domin a ƙara tuntuɓa. Shugaban ƙasa ya ce a bar majalisa ta yi aikinta.

Kowane ɓangare na da hujja mai nauyi. Masu adawa, waɗanda Gwamna Babagana Zulum da Sanata Ali Ndume suka fi fitowa fili a cikinsu, sun ce abin da Arewa ta fi samarwa kuma ta fi kashe kuɗi a kai shi ne abinci, wanda ba ya jawo VAT, kuma yankin da ke ɗauke da kusan kashi 65 cikin 100 na mutum miliyan 133 da hukumar ƙididdiga ta ce suna cikin talauci mai fuskoki da yawa a 2022 ba zai yi gasar saye da Legas ba. Masu goyon baya sun ce an yi wa daftarin gurguwar fahimta. A tsohon tsari, idan mutumin Rigasa ya sayi katin waya, harajin na shiga littafi da sunan jihar da hedikwatar kamfanin take, galibi Legas. Sabon tsarin ya ce a lissafa shi a inda aka yi amfani da kayan, wanda a ganinsu zai rage wa Legas ya ƙara wa jihohi masu yawan jama'a irin Kano da Kaduna. Bayan wannan muhawara akwai tsohuwar shari'ar da jihar Ribas ta yi nasara a kanta a Babbar Kotun Tarayya a 2021, inda ta nemi ta riƙa karɓar VAT da kanta. Da wannan ya tabbata a ko'ina, da asarar jihohin Arewa ta fi kowane tsarin rabo muni.

A Janairun 2025 gwamnonin ƙasar baki ɗaya suka cimma matsaya, majalisa kuma, wadda ɗan Zariya Tajudeen Abbas ke shugabantar zaurenta na wakilai, ta bi sahu. Tarayya ta sauko zuwa kashi 10, jihohi suka hau 55. A cikin kason jihohi, rabi daidai-wa-daida, kashi 20 yawan jama'a, kashi 30 wurin amfani. Idan aka fassara shi da naira 100, a da jihohi na raba naira 25 daidai, 15 bisa yawan jama'a, 10 bisa tushe. Yanzu naira 27.5 ce daidai, 11 bisa yawan jama'a, 16.5 bisa wurin amfani. Kaduna, wadda ƙidayar 2006 ta sanya ta uku a yawan jama'a, ta samu ƙari a ɓangare na farko, ta yi rashi a na biyu, ribarta ko faɗuwarta na rataye a na uku. Shi kuwa na ukun ya dogara ne da bayanan da kamfanoni ke bayarwa. Katin waya da wutar lantarki da cajin banki suna da sauƙin bibiya. Amma ɗan kasuwar da ya saro kaya a Legas ko Anaca ko Kano ya zo ya sayar a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba tare da rasit ba, akwai yiwuwar harajin kayansa ya tsaya a littafin jihar da ya yi sari.

Asusun banki, naira hamsin da harajin fetur

Babu inda dokar ta ce a yanki wani kaso daga duk kuɗin da ya shiga asusu. Haraji na hawa kan samu ko riba, don haka bashi, kyauta, gudummawar biki da kuɗin da ɗa ya turo wa mahaifiyarsa ba sa cikin lissafi. Haka kuma kwamitin ya sha nanata cewa babu harajin gado, bayan da malamai suka nuna damuwa kan wani sashe na daftarin da ya yi maganar kuɗin shigar iyali. Abin da ke gaskiya shi ne ana buƙatar mai sana'a ko kasuwanci ya kasance da lambar shaidar haraji, wadda ga mutum ɗaya aka danganta ta da lambar NIN, kuma bankuna za su riƙa kai rahoton asusun da miliyoyi masu yawa ke ratsawa.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne irin dillalin hatsi na Saminaka, wanda miliyoyin 'yan kasuwar Kudu ke shiga asusunsa su fita zuwa hannun manoma, alhali abin da ya rage masa la'ada ce kawai. Doka ba ta neman komai a kan kuɗin mutane da ya ratsa hannunsa, amma idan aka tambaye shi, shi ne zai nuna cewa ba nasa ba ne. Kasuwancin da aka gina a kan amana da riƙe lissafi a ka yanzu yana buƙatar littafi. Ga wanda ba shi da rubutaccen lissafi, dokar ta tanadi harajin ƙiyasi, inda hukuma ke kimanta samun mutum daga irin sana'arsa da girmanta, kuma a nan ne ake fargabar son rai zai iya shiga.

Naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗin da ya kai naira 10,000 tsohon abu ne, canjin shi ne yanzu mai turawa ke biya maimakon mai karɓa. Sai harajin kashi 5 a kan fetur da dizal, wanda asalinsa ke cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta 2007. Bai shafi kananzir da iskar gas ta girki da ta mota ba, kuma ba ya fara aiki sai ministan kuɗi ya ba da umarni a hukumance. Ministan kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya ce a 2025 babu shirin yin hakan nan kusa. Idan aka tashe shi, a litar naira 900 ƙarin naira 45 ne, kuma an ga yadda kuɗin mota ke shiga farashin komai.

Inda ra'ayoyi suka tsaya

Gwamnati na cewa mafi yawan ma'aikata za su biya ƙasa da da ko su daina biya gaba ɗaya, kuma ƙarin kuɗin zai fito ne daga toshe ɓaraka da manyan masu samu. Masu masana'antu sun yi maraba da damar dawo da VAT na kayan aiki, yayin da masu zuba jari suka koka da ɗaga harajin ribar sayar da kadara na kamfanoni daga kashi 10 zuwa 30. Masu suka kuma na cewa matsalar ta amana ce: kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi, amma mutum na haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, ya sayi janareta, ya biya 'yan sintiri, ya kai yaro makarantar kuɗi. Abin da ya faru a Kenya a Yunin 2024, inda zanga-zanga ta tilasta wa Shugaba William Ruto janye dokar kuɗi, ya nuna iyakar abin da jama'a ke iya ɗauka a lokacin tsada.

Batun amanar ya ƙara tsami a Disambar 2025, lokacin da ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya ce kwafin dokokin da aka buga a jaridar gwamnati ya saɓa da wanda majalisa ta amince da shi. Shugabannin majalisa sun ba da umarnin a sake bugawa, 'yan adawa suka nemi a dakatar da aiwatarwa, shugaban ƙasa ya ce ranar 1 ga Janairu na nan daram.

Manoman Kaduna kuwa sun riga sun ɗanɗani yadda sauƙin haraji ga wani kan zama nauyi ga wani. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da dakatar da harajin kwastam na kwana 150 a kan shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama casa ba. Wannan, tare da amfanin gona mai kyau, ya taimaka wajen karya farashin hatsi a 2025. Mai iyali a cikin gari ya numfasa, amma manomin Lere ko Soba da ya sayi taki da tsada ya tarar buhun masararsa ba ya sayen buhun taki.

Harajin da talaka ya fi sani

Kalmar haraji na da dogon tarihi a ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi, Turawan mulki ƙarƙashin Lugga suka tattara su suka ɗora wa sarakuna da hakimai da dagatai tarawa, har ta kai magidanci na sayar da akuya ko ya gudu ci-rani saboda kuɗin haraji. Shi ya sa soke haraji da jangali da Balarabe Musa ya yi a tsohuwar jihar Kaduna a 1979, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, ya zauna a zukatan talakawa har yau. Tsoron da ake gani yanzu yana da saiwa a can.

Mafi yawan mutanen jihar ba su taɓa biyan harajin albashi ba, don haka yafe shi bai taɓa aljihunsu ba. Abin da suka sani shi ne tikitin tasha, kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin ƙungiya, da shingayen da motar masara ko citta ke tsayawa a kansu daga Kachia ko Saminaka har ta isa inda za ta. Direba na biya, dillali ya rage wa manomi ko ya ƙara wa mai saye. A ƙaddara mai Keke na sayen tikitin naira 300 kullum, kwana 300 a shekara. Naira 90,000 ke nan, fiye da ninki biyu na abin da aka yafe wa mai albashin naira 72,000, kuma babu ruwan tikitin da ko ya yi ciniki a ranar. A sassan Birnin Gwari da Giwa an shafe shekaru manoma na biyan 'yan bindiga kafin su shiga gona ko su kwashe amfani, wani nauyin da ba ya fitowa a kowane lissafin hukuma.

Kaduna ta daɗe da fara nata gyaran. Dokar 2016 ta zamanin Nasir El-Rufai ta tattara karɓar haraji a hannun hukumar tara haraji ta jihar, KADIRS, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi, kuɗin shigar cikin gida ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Amma jihar na ɗauke da bashi mai nauyi. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma daga naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a watan, an cire biliyan 7 domin biyan bashi, saboda faɗuwar naira ta ninka abin da ake biya.

Harajin albashi na ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni kuɗin jiha ne, yana shiga asusun jihar da mutum ke zaune. Ke nan rangwamen da Abuja ta yi wa ƙananan ma'aikata daga aljihun jihohi zai fita. Legas na da manyan masu albashin da ƙarin da aka yi musu zai cike mata giɓin. Kaduna, wadda masaƙun Kakuri da suka ɗauki dubban ma'aikata suka durƙushe tun shekarun 2000, matatar man fetur ɗinta kuma ta daɗe ba ta aiki, yawancin masu albashinta na matakin ƙasa ne. Idan ƙarin kason VAT bai rufe ramin ba, inda jihar za ta waiwaya a bayyane yake: kuɗin ƙasa da takardun fili, lasisin ababen hawa, rajistar wuraren sana'a, da harajin ƙiyasi a kan masu shaguna, makanikai da maƙeran Panteka.

Kwamitin Oyedele ya yi alkawarin rage yawan haraji zuwa ƙasa da goma, amma dokokin tarayya huɗun ba su da ikon soke tikitin kasuwa ko na tasha, domin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota ƙarƙashin dokar jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wanda idan ya tabbata zai iya rage musu dogaro da 'yan kamasho. Yanke shawarar wane tikiti zai tsaya, wane zai tafi, nawa za a ƙiyasta wa mai shago, da wanda zai kori masu shingen da ba su da izini, aiki ne na majalisar dokokin jiha da ke zama a zauren Lugga da kuma shugabannin ƙananan hukumomi 23.